Tafi Biyu a Bayan Kantin Yadi

Shekara ashirin ina sayar da shadda da atamfa a unguwar Guillotière da ke Lyon, ban taɓa neman wani ya raka ni ciniki ba sai ranar nan. Wani tsoho ɗan Japan ne a Paris ke shigo da yadi rinin baba, shuɗi mai zurfi irin wanda matan Damagaram ke so, kuma an ce mutum ɗaya kaɗai zai ba wa a Lyon. Ni nake son zama mutumin.

Yayan matata ya ce dole ya bi ni. Dakta ne, yana koyarwa a Villeurbanne, ya taɓa yin mako biyu a Japan, tun daga nan ba a shan shayi a gabansa sai ya yi bayani. Shi ne kuma mai yi mana gyaran sahu a masallaci.

Da muka isa Paris, titin kantin tsohon cike yake da masu yawon kantuna. Tsohon ya ratsa da mu ta bayan kantinsa zuwa wani ɗan tsakar gida. Shiru kamar an rufe tukunya. Akwai ƙofar katako ja, kwamin dutse da ruwa da ludayin gora, sai ɗan ɗakin ibadarsu ta Shinto, bai fi akwatin lefe ba.

Yaya ya raɗa mini: "Alhaji, ruku'u biyu, tafi biyu. In ba ka yi ba yadin ya wuce ka."

"Yaya, ba kai ka hana ni durƙusa wa tsohuwata ba?"

"Wannan dabarar kasuwa ce, ba ka gane ba."

Ya wuce gaba da babbar rigarsa, ya sunkuya har hularsa ta faɗi, ya tafa da ƙarfi kamar mai korar kaji daga shanya. Tattabaru suka tashi. Ya ƙara tafi na uku, wanda ko a lissafinsa babu shi.

Ni na wanke hannu, don zan taɓa kayan mutum. Na koma gefe, na ce wa tsohon da faransancin kasuwa wurinsa na da tsabta, amma goshina akwai inda nake kai shi. Ya koma cikin kantin. Ya ɗauko turmi guda ya miƙo. Na murza bakin yadin da jiƙaƙƙen yatsa, na sansana, na ce an tsoma shi a rini ya fi sau goma. A nan ne ya kalle ni da kyau. Ni ya ba wa cinikin Lyon.

A jirgin ƙasa Yaya bai yi bayanin komai ba har muka wuce rabin hanya. Sai ya gyara murya.

"Alhaji, abin nan na ɗazu, ba sai ƙanwata ta ji ba."

Na ce ba za ta ji ba, kuma ba ta ji ba. Amma har yau in ya dafa kafaɗata ya ce in daidaita sahu, hularsa nake duba.