Hankicin Uwar Mawaƙa

Kafin a fara kiransa Fasto, ɗan tela ne, na shida cikin yara takwas, kuma a gidansu ba a taɓa barinsa ya kai ƙarshen magana ba. Da ya buɗe baki sai keken ɗinkin babansa ya ɗauki ƙara, ko wata yayarsa ta ce, "Kai dai yi mana shiru." Haka ya girma, maganganu cunkushe a cikinsa kamar buhun ƙyallaye. Idan ka tambaye shi abin da ya sa ya ajiye koyarwa a firamare ya tafi makarantar tauhidi, zai ce kira ne, kuma ba ƙarya ya yi ba. Sai dai akwai abin da bai taɓa faɗa wa kowa ba. Ranar da ya fara lura da mai wa'azi a kan mumbari, abin da ya fi sace masa zuciya shi ne, ga mutum ɗaya yana magana, ɗari biyu sun yi tsit, babu mai katse shi.

Shekara huɗu yana karatu, matarsa, ma'aikaciyar jinya, tana riƙe da gida, su da 'yan biyunsu a ɗaki ɗaya a gidan surukarsa. Da ya gama, aka tura shi wata ƙaramar majami'a a bayan layin makanikai, inda tsohon fastonsu ya yi ritaya. Bencina goma sha huɗu, fanka uku, ɗaya ba ta juyawa sai an tura ta da sanda. A gefe ga gidan fasto, ɗaki biyu da falo da famfo a tsakar gida. Matarsa ta buɗe famfon ta rufe har sau uku tana dariya.

Amma akwai sharaɗi. Shugaban dattawa, wani tsohon direban babbar mota mai murya kamar hon, shi ya faɗa masa a ranar farko.

"Lahadi shida za ka yi mana, Fasto. Bayan ta shida mu bakwai za mu zauna. In ka yi mana, mu rubuta wa hedikwata mun riƙe ka. In ba ka yi ba, mu rubuta mun gode."

"Mun gode" na nufin komawa ɗakin suruka. Fasto ya sayi sabon littafin rubutu, ya cika shafi ashirin da wa'azi.

Lahadin farko ya hau mumbari. Ya karanta nassi, ya fara a hankali, murya ta zauna. Yana cikin minti na talatin, sai wata dattijuwa mai jiki a bencin gaba, wadda kowa ke kira Uwar Mawaƙa, ta miƙe tsaye, ta zaro farin hankici daga jakarta, ta ɗaga sama tana kaɗawa, idonta a kansa.

A makaranta an sha ba su labarin yadda Ruhu ke sauka a tsakiyar wa'azi har mutane su kasa zama, amma shi bai taɓa zaton zai gani a makonsa na farko ba. Ya ture takardar gefe, ya ɗaga murya, ya ƙara minti hamsin.

"Kin gani?" ya ce wa matarsa tun kafin ya cire takalmi. "Maman 'yan biyu, kin ga tsohuwar nan? Ta kasa zama!"

"Na gani. Wataƙila ƙafarta ce ta yi sanyi."

"Ke komai sai kin mai da shi asibiti."

Lahadi ta biyu hankici uku suka tashi. Ta uku, layin mata gaba ɗaya. Ta huɗu maza suka shigo ciki: wani makanike yana kaɗa tsumman goge hannu mai baƙin mai, Sakataren majami'a yana fifita hula da ƙarfinsa, yana kuma duban agogo kamar mai son rubuta lokacin da abin al'ajabi ya faru. Wata mata har da hawaye. Fasto ya ji kamar ƙafafunsa ba sa taɓa ƙasa. A bakin ƙofa ana gaisawa, wannan ya ce, "Fasto, kai ba ka gajiya!" wancan ya ce, "Allah ya ƙara maka ƙarfi, mu ma ya ƙara mana." Duk ya kwashe ya zuba a zuciya.

Cikin mako kuwa ba a iya zama da shi. Yana wanka yana wa'azi. Yana tura fankar majami'a da sanda yana taka rawa. Ya kira abokan karatunsa ɗaya bayan ɗaya, wai gaisuwa ce, amma ko wace gaisuwa sai ta ƙare a kan hankici. In ya durƙusa addu'a yakan ce, "Ba ni ba ne, Ubangiji, kai ne." Can ƙasan zuciyarsa kuma wata 'yar murya tana cewa, amma dai da bakina.

Lahadi ta biyar aka yi wadda ta fi duka. Ana cikin kaɗa hankici, sai ya hango matarsa ta miƙe. Matarsa! Macen da ta yi shekara tara tana sauraronsa fuska kamar mai auna jinin majinyaci. Ga ta tsaye, ta ɗaga tawul ɗin 'yan biyu tana kaɗawa da hannu biyu, ta zare masa ido. Hawaye suka cika idonsa. Ranar sa'a biyu da minti goma ya yi.

Ya shigo gida yana waƙa, ya kama hannunta zai juya ta a tsakar falo.

"Har ke! Yau har ke!"

"Baban 'yan biyu, zauna."

"Wane wuri ne ya taɓa ki? Batu na uku ko na bakwai?"

"Zauna, na ce." Ya zauna. "Tsohon faston nan idonsa ba ya ganin agogon bango. Shi ne ya roƙi Uwar Mawaƙa, in minti talatin ya cika ta tashi ta kaɗa masa farin hankici ya sauka. Shekara goma sha tara suna haka."

Ya yi dariya, domin bai gane ba. Sai ya gane.

"To sauran fa?"

"Taya ta suke yi. Sun zaci kai ma idon ne."

"Matar da take kuka fa?"

"Abincinta ta bari a kan wuta."

"Tun yaushe kika sani?"

"Alhamis, a taron mata."

"Alhamis! Kika bar ni har yau?"

Ta sunkuyar da kai tana ninke tawul ɗin. "Sau uku na buɗe baki zan faɗa maka, na kasa. Tunda na aure ka ban taɓa ganin kana rawa da sandar fanka ba. Na ce bari in tashi da kaina, ka san ni ba mai tashi ba ce, za ka fahimta. Ashe fetur na zuba."

Kwana biyu bai fita ba. Ran Laraba ya wanke fuska ya tafi shagon Uwar Mawaƙa, inda take sayar da bokitai da robobin wanki. Ta ture masa kujera, ta dube shi sama da ƙasa.

"An gaya maka ke nan."

"Mama, me ya hana ki faɗa mini da baki?"

"Ni? In tari bawan Allah in ce ya yi shiru? Rufa mini asiri, ɗana. Na so in aika a raɗa maka, Sakatare ya ce kul, ba ladabi ba ne." Ta matso da murya. "Shi kuwa ƙanin matarsa bana yake gama makarantarku. Ka gane ko sai na ƙara?"

Ya gane. Ya tuna yadda hular Sakatare ta fi ta kowa tashi sama.

"Ni ma ba don Allah kaɗai nake kaɗawa ba," in ji ta. "Sati biyar muna koyon sabuwar waƙa, kullum kai kake cinye lokacinmu. Amma bari in gaya maka gaskiya. Minti ashirin ɗinka na farko, tsohon faston ma bai kai ka ba. Daga nan kuma ba da mu kake ba, kanka kake saurare."

Zafin maganar ya shige shi, amma abin kunya, rabin farkon ne ya riƙa maimaitawa a hanya har ya isa gida.

Lahadi ta shida majami'a ta cika, kowa da abin kaɗawarsa a aljihu. Fasto ya hau da shafi huɗu kacal. Ya yi magana a kan dogara ga Allah, a natse, ba ihu. Can ya shiga labarin wata tafiya da ya taɓa yi a motar haya.

"Muna gangarowa daga tudu, ga gada a gabanmu, ga tirela ta taho. Sai direbanmu ya taka birki, ƙafarsa ta tafi har ƙasa. Ya waiwayo ya dube mu. Ni ina gaba, kusa da giya. Sai kawai na miƙa hannu na—"

Farin hankici ya tashi. Minti talatin cif.

Fasto ya rufe bakinsa, ya rufe littafinsa. "Mama ta ce lokaci ya yi. Mawaƙa, filin naku ne." Ya sauko ya zauna.

Aka yi tsit, har ana jin ƙarar fanka. Sai muryar Tsohon Direba, shugaban dattawa, ta fasa shirun: "Kai! Ka miƙa hannu ka yi me? Giya ka sauke ko birkin hannu ka ja?"

Majami'a ta kece da dariya. Makanikai suka fara gardama a bencin baya. Wata ta ce, "Mama, mai da hankicin nan jaka mana!" Uwar Mawaƙa ko ta kansu ba ta bi ba, ta juya ta ɗaga hannu, mawaƙanta suka saki waƙar da suka yi sati biyar suna riƙe da ita. Fasto yana zaune hannu a ƙirji kamar mai tawali'u, zuciyarsa kuwa tana tsalle. Bai taɓa sanin akwai abin da ya fi a bar ka ka yi magana daɗi ba: ka yi shiru, a roƙe ka ka ci gaba.

Dattawa suka shiga ofis. Shi da matarsa suka zauna a kan dakalin gida, 'yan biyu suna wasa da ruwan famfo. Bayan rabin sa'a Tsohon Direba ya fito, Sakatare na binsa fuska a murtuke.

"Ƙuri'a biyar da biyu, Fasto. Mun riƙe ka. Mutumin da ya san birki, ana iya shiga motarsa." Ya ɗan rage murya, wato ya dawo da ita daidai ta sauran mutane. "Giyar ce ko?"

"Baba, a kan mumbari na fara, a can zan ƙarasa."

Tsohon ya tafi yana girgiza kai yana dariya. Matarsa ta bari sai da ya sha kwana, sannan ta juyo.

"Jiya da rana na nemi agogona na aiki ban gani ba. Sau nawa ka gwada labarin nan har ya faɗo daidai kan minti talatin?"

Ya sosa ƙeya. "Sau huɗu."

"Allah ya shirye ka."

"Amin. Amma ai na sauka."

"Ka sauka. Tashi ka ɗauko guduma, labulen falo zan rataya."