Rijiya ta Huɗu

A gidanmu na unguwar Abbaganaram akwai wani lungu tsakanin ɗakin Kaka Ashe da madafa, inda iska ba ta cika shiga ba. Nan take hura wutarta idan sanyi ya sauka. Ana idar da sallar isha'i za ta jawo tabarma, ta tura itace biyu a murhu, ta binne gyaɗa cikin toka, sannan ta ƙwala kira: "Ina 'yan maruƙana?" Mu uku ne maruƙan: ni Modu, da ƙanwata Falmata wadda na ba shekara biyu, da Bukar ɗan baffanmu.

Kaka a daji ta tashi, cikin shanu, kafin kakanmu ya sayar da garke ya zauna birni yana dillancin dabbobi. Hausarta a kasuwa ta koye ta, a karkace take fitowa, amma da ita take mana tatsuniya don ta ga da ita muke wasa a layi. Idan ranta ya ɓaci sai ta koma Larabcin Shuwa, mu kuwa mu yi tsit. Ba ta san irin buɗe tatsuniyar da ke littafin makaranta ba. Cewa take, "Ku ɗaura guga." Mu ce, "Mun ɗaura." Idan ta gaji ta ce, "To, mu sauke kaya a nan," ko da za ka yi kukan jini ba za ta ƙara kalma ɗaya ba.

Tana da wata doguwar tatsuniya ta dare bakwai, wadda mu uku kaɗai ta taɓa ba, sau ɗaya tak. Doka biyu ta kafa mata. Ta farko, ba za ta ci gaba ba sai ɗayanmu ya maimaita ta jiya ba tare da ya tsallake komai ba. Ta biyu, ba ta maimaita wa wanda bai zo ba. "Wanda bai je rijiya ba," in ji ta, "ya roƙi ruwa wurin wanda ya ɗebo."

Labarin wata yarinya ne, Amsa. Fari ya cinye garken ubanta, ya rage 'yan shanu kaɗan da wata jar saniya da uwarta ta mutu ta bar mata. Dole ta kora su zuwa tafki, tsakaninta da tafkin kuwa rijiya bakwai ne, kowace yinin tafiya guda. A ta farko ta tarar da tsoho makaho, ta shayar da shi kafin ta sha, ya ba ta igiya. Ta biyu zurfi gare ta, ba don igiyar ba da nan labarin ya ƙare. A nan ne wani hankaka ya nuna mata guga rataye a kan tsamiya. A ta uku kura ce kwance ƙishi zai kashe ta, ga ruwa tana gani ba ta da hannun ja. Amsa ta ɗaura guga a igiya ta shayar da ita. Kura ta raka ta har gari ya waye, sannan ta tsaya ta ce, "Iyakata ke nan. Abin da ke jiranki a ta huɗu ya fi ƙarfin haƙorina." Kaka ta kakkaɓe zaninta ta ce mu sauke kaya.

To, washegari ne shaiɗan ya hau kaina. Wani maƙwabcinmu ya sayo bidiyo, aka ce za a sa fim ɗin 'yan kokawar Sin a tsakar gidansa. Na ce a raina tatsuniya ai ba gudu za ta yi ba. Na sulale. Da na dawo na tarar wuta ta zama toka, Falmata na kwance idonta ya kumbura don kuka, Bukar kuwa da ba ya rabuwa da surutu ya juya fuska bango.

A dare na biyar na riga kowa zama. Kaka ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Sarkin kallo, je ka zaure sai na kira ka." Ina zaure ina jin ƙus-ƙus ɗin Falmata tana maimaita ta jiya, ban tsinci ko kalma ba. Da aka kira ni aka ci gaba, sai ga Amsa tana tafe babu jar saniya, gashin kanta ya yi fari fat, ta kuma daina yi wa shanu waƙa.

Na ce, "Kaka, ina jar saniyar?"

Ta ce, "Tambayi ƙanwarka."

Haka na bi su har rijiya ta bakwai kamar wanda aka ɗaure wa ido ɗaya. A can wata tsohuwa ta tare hanya ta ce wa Amsa, "Me kika bari a ta huɗu, kuma don wa kika bar shi?" Amsa ta raɗa mata a kunne, hanya ta buɗe, shanu suka ga tafki. Kaka ba ta faɗi abin da aka raɗa ba. Ta dubi Falmata da Bukar ta ce, "Kun dai sani." Suka gyaɗa kai. Ni kaɗai na zauna baki buɗe.

Na lallaɓi Bukar, ya ce Kaka ta hana, ta ce wurin Falmata zan roƙa. Tsohuwar ta san inda girman kaina yake kwana. Falmata ta ce, "Yaya, ce 'don Allah Falmata' sau ɗaya kawai." Na ce Allah ya kiyaye in roƙi yarinyar da na goya. Ta ce, "Shi ke nan, ajiyarka na nan." Shekara na zagayowa aka kai ni makarantar kwana, ina aji biyu Kaka ta rasu. Bukar kuwa, a shekarun tashin hankali ya tafi wajen Baga sayen kifi, har yau babu shi babu labarinsa.

Maganar ta zama abin tsokana tsakanina da Falmata shekara talatin. Ranar bikinta, tana cikin lulluɓi, ta ce da ni a hankali, "Ajiyarka fa, ko in tafi da ita?" Na ce ta kai wa mijinta. Duk suna, duk Sallah, sai ta tuna mini, ni kuma sai na yi dariya na ce ta riƙe kayanta. Wallahi ina so in ji. Amma abin da ka ƙi yi kana ɗan shekara goma, yinsa ya fi nauyi kana da gemu.

Yanzu ni malamin Hausa ne a wata sakandare. Bara aka tara mu aka koya mana ɗora darussa a dandalin koyarwa na intanet, don yara su riƙa bi ta waya daga gida. Matar da ke koya mana ta nuna yadda ake buɗe kwas, a raba shi darasi-darasi, kowane da murya da 'yan tambayoyi a ƙarshe. Sannan ta nuna wani ɗan maɓalli ta ce, "Idan kun kunna wannan, darasi na gaba zai kasance a kulle har sai ɗalibi ya gama na baya ya ci tambayoyinsa." Na fashe da dariya har ta tsaya tana kallona. Na ce, "Hajiya, yi haƙuri, kakata ce ta ƙirƙiro wannan, ita da ba ta san bihim ba."

A ranar na yanke shawarar abin da zan gina. Darasi bakwai na adabin baka, rijiya ɗaya kowane mako. Na jera akwatuna bakwai a allon, na sa wa kowane suna, na kunna kulle. Na riƙa shiga ɗaki bayan la'asar in rufe taga saboda ƙarar kekuna masu ƙafa uku, in ɗauki muryata a waya. Na yi na ɗaya, na biyu, na uku. Na tsallaka na yi na biyar, na shida, na bakwai. Akwati na huɗu na bar shi da sunansa kawai. Na ce ai Umarari, unguwar da Falmata ke aure, ba Makka ba ce, zan leƙa wurinta kafin mako na huɗu. Na buɗe wa yara kwas ɗin a haka, ka ji wauta.

Yaran suka kama abin fiye da yadda na zata. Waɗanda a aji sai ka yi da gaske suke buɗe baki, ga su suna turo saƙon murya suna maimaita labarin makaho da igiya. Ranar da na saki na uku, na hau keke na tafi Umarari.

Falmata ta yi mini shimfiɗa, ta kawo burabusko da miyar kuka, ta zauna tana kallona ina ci. Tun a hanya nake bitar kalmomi ukun nan a bakina. Ta ce, "Yaya, yau ba Sallah ba, ba suna ba. Ko ka zo karɓar ajiyarka ne?"

Ga ƙofa ta buɗe mini da hannunta. Amma 'yarta Yagana na zaune gefe tana tsince shinkafa, mijinta kuma na alwala a bakin rariya. Sai na ji bakina ya ce, "Wace ajiya? Gaisuwa na zo, mutum ba zai zo ya ga ƙanwarsa ba?"

Ta yi dariya ta ce, "Kai dai Yaya, Allah ya shirye ka." Ta rako ni har ƙofa. Na ce a raina Asabar mai zuwa zan dawo lokacin da ba kowa.

Ranar Laraba aka kira ni ina cikin aji. Falmata ta faɗi a madafa, jini ya hau. Ba ta sake magana ba, Alhamis da hantsi muka kai ta makwancinta.

Ban taɓa waya ba sai bayan sadakar bakwai. Da na buɗe, saƙonnin yara sun taru. Wasu ta'aziyya, wasu ba su ma ji ba, tambaya ɗaya suke yi: Malam, me ke rijiya ta huɗu? Sai wani ɗan haske ya zo mini. Na san Falmata tana yi wa 'ya'yanta tatsuniyar Kaka. Na koma Umarari na sami Yagana tana wanke kwanukan 'yan zaman makoki. Wannan karon ban tsaya bita ba.

Na ce, "Yagana, don Allah, mamanki ta ba ku labarin Amsa?"

Ta ce, "Sau da yawa, Kawu. Duk sanyi."

Na zauna a kan turmi. Na ce, "Alhamdu lillahi. Ba ni ta huɗu."

Ta ajiye kwanon ta dube ni. "Kawu, ai ba ka karɓa ba?"

"Ban karɓa ba."

"Mu ma ba ta taɓa ba mu ba. In ta zo nan sai ta tsallake. Ta ce wannan ajiyar kawunku ce, ba a taɓa ajiyar mutum. Ta ce ranar da ka zo ka karɓa, kai za ka ba mu da bakinka." Ta goge hannu a zaninta. "Ranar nan da ka zo, bayan ka tafi, ta ce ta ga alama ka kusa."

Ban san yadda na iso gida ba.

Wani abokin aikina ya ce, "Malam Modu, kai fa malamin adabi ne. Ƙirƙiro mana, wa zai sani?" Na gwada, Allah shaida. Na sa Amsa ta yanka saniyar don wasu matafiya. Na sa aljanin rijiya ya ƙwace ta. Na sa uwarta ta fito daga ruwa ta karɓi abinta. Duk wanda na ɗauka na saurara sai in ji muryar maƙaryaci. Babu ɗaya a ciki da zai sa gashin yarinya ya yi fari, babu wanda zai sa Bukar ya juya fuska bango. Na goge su duka.

Matar da ta koya mana ta ce abin mai sauƙi ne, in kashe maɓallin kullen, ko in goge akwati na huɗu in sake lamba, yara su wuce. Gaskiyarta, taɓawa ɗaya ce. Na sha kai yatsana kan maɓallin. Amma na san yadda ake isa rijiya ta bakwai a ji an ce "kun dai sani" alhali ba ka sani ba, kuma ba zan yi wa yara talatin abin da na yi wa kaina ba.

Ina yaro na ɗauka dokar Kaka horo ce don mu daina yawo. Da na zama malami na ce a'a, hikimar koyarwa ce, igiya kafin guga, guga kafin ruwa, har na yi ta alfahari da ita a ɗakin malamai. Yanzu nake ganin ba darasin take kullewa ba. So take ko bayan ranta ya zama akwai abin da zai kai ni ƙofar ƙanwata in sunkuyar da kai. Ta yi lissafin komai daidai, sai dai ba ta san taurin kan jikanta zai fi Falmata tsawon rai ba.

Kwas ɗin na nan yadda yake. Yawancin yaran sun gaji sun daina shiga. Makon jiya na ga sabon suna ya yi rajista, ya gama na ɗaya da na biyu da na uku a yini guda, bai faɗi tambaya ko ɗaya ba. Yagana ce. Ba ta turo saƙo ba, ba ta tambaye ni komai ba. Dandalin yana nuna wa malami inda kowane ɗalibi ya tsaya, kullum da safe kuwa ina dubawa. Tana nan a bakin ta huɗu.