Rigunan Ruwan Kyaftin

Shekara talatin da biyu Kyaftin ya yi yana tsaron sito a wata ma'aikata, kuma babu wanda zai ce ya taɓa karɓar ko biro a hannunsa cikin daɗin rai. A wajensa, abin da aka cire daga leda ya riga ya lalace. Kujerun falonsa har yau suna cikin ledarsu, baƙo ya zauna gumi ya jiƙa masa baya. Rimot ɗin talabijin ma a ɗaure yake cikin leda kamar maganin asibiti.

Da ya yi ritaya, sai ya sayi ƙaramin jirgin ruwa mai inji, na shan iska, ya haɗa da farar hula mai baki. Shi ya raɗa wa kansa sunan Kyaftin, mutumin da ko a bahon wanka ba ya sakin jiki. Wata takwas jirgin na kan tirela a bakin tafki. Duk Asabar ya je ya wanke shi, ya kwance ɗan marfin da ke toshe hudar baya don ruwan wanki ya tsiyaye, ya goge marfin, ya jefa a aljihu kada a sace. Rigunan ruwa huɗu kuwa, masu hana mutum nutsewa, suna cikin akwatin ƙarƙashin kujera, da ledarsu, da kwaɗo a kai.

Abu ɗaya ne yake so a duniya fiye da kayansa, jikarsa mai shekara shida, wadda yake kira Amarya. Uwarta, 'yarsa ta fari, ba ta taɓa barin yarinyar ta fita da shi ba, don ta san halin ubanta sarai. Ya yi ta naci har ta gaji.

"To Baba, sau ɗaya. Ina tsaye a bakin ruwa ina kallo. In na ga abin da bai yi mini ba, shi ke nan."

Ranar da aka tura jirgin cikin ruwa, wani tsoho mai gadin wurin ya matso yana ɗingishi. Shi ke duba kowane jirgi kafin ya tashi.

"Maigida, man ya isa? Ka mayar da marfin baya? Ina rigar yarinya?"

Kyaftin ya dube shi sama da ƙasa. "Malam, ƙofa aka ce ka tsare. Komai na nan a adane."

"Ai adanawar ce nake tsoro. A saka mata."

Uwar tana can nesa tana kulle mota, ba ta ji ba. Kyaftin ya ɗaga Amarya ya ɗora a kujera, ya gyara hula, ya ja inji. Ka ga mutum kamar wanda zai ƙetare teku, alhali abin da ya sani game da ruwa bai wuce na buta ba.

Ba su yi nisa ba yarinyar ta ɗaga ƙafa. "Kaka, takalmina ya jiƙe."

"Fantsama ce, Amarya."

Fantsamar ƙaniya! Ruwa ne ke bulbulowa ta hudar baya, har ya kai idon sawu. Ya shafa aljihu, ya ji marfin kwance abinsa, a goge tsaf. Injin ya yi tari sau biyu ya mutu. Kyaftin ya durƙusa gaban akwati da tarin makullansa, sun fi ashirin, yana gwada na ɗakin ajiya, na gareji, na firji. Yarinyar ta fara kiran uwarta.

Mai gadi dai tun tashinsu ya kwance tsohon kwalekwalensa, don ya ga irin wannan ya gaji. Yana isowa ya ɗaga filafilin tuƙinsa ya maka wa kwaɗon, ya fizgo riga ɗaya, ya yage ledar da haƙori, ya zura wa yarinyar, ya ɗauke ta. Sannan ya jefa wa Kyaftin igiya, ba tare da ya dube shi ba.

A bakin ruwa uwar ta rungume 'yarta. Kyaftin ya fito, wando na ɗiga, hular ta tafi. A nan fa, da ya yi shiru, wataƙila da an tausaya masa. Sai ya sunkuya ya tsinci yagaggiyar ledar daga cikin kwalekwale, ya juya ta, ya ce wa mai gadi, "Ai da ka kwance ta ta baki. Yanzu a me zan mayar da rigar?"

Wallahi da bakinsa ya faɗa, kuma 'yarsa ta ji.

Ta cire wa yarinyar rigar a hankali, ta ninke, ta miƙa masa da hannu biyu, don tana da tarbiyya.

"Ga kayanka, Baba. Zan aiko maka da hotonta. Ka sa shi a leda."

Ta saɓa Amarya a kafaɗa ta nufi mota. Yarinyar tana ɗaga masa hannu, amma hannayensa biyu na riƙe da rigar.