Tandar Inna da matar kumandan

Tun ina yaro nake riƙe da Faransa a rai, kuma a kan masa ne.

Murhun ƙarfen matar kumandan na Filinge, Bafaranshen da ke mulkinmu, ya ƙi gasa komai, sai ta aiko kukunta Mamman aron tandar Inna. Jajibirin Sallah ya maido ta tana ƙyalli.

Inna ta sunsuna. "Mamman, wane mai anka shafa mata?"

Ya sunkuyar da kai. "Na alade, Inna. Madam ta ce a gode miki."

Ranar nan tanda ta koma mashayar kaji, mu kuwa muka yi Sallah ba masa.

Yau ga ni na tsufa, an ce wayar salular nan da ke hannuna tana kai magana ko'ina. To Faransa, ina saurare. Wa zai toya mini masar Sallata?