Ƙwayar da Aka Gwada a Kan Ɓeraye

Shekarun baya, ba a daɗe da komawar sojoji bariki ba, mahaifiyata ta ji ƙullutu a nononta na hagu. Sai da ya kai girman goro sannan ta faɗa wa yayata. Likita ya duba ya ce ciwon daji ne, a yi aiki cikin watan.

A gidanmu na Jakara kuwa kowa ya tashi da jin cewa daji ba ya son ƙarfe. Gwaggona ta ja ni gefe ta ce, "Ɗan nan, wuƙa na taɓa shi zai watsu. Kada ka bari a yanka maka uwa."

Ni ɗan bokon gidan na san ba haka ba ne, amma tsoro ya kama ni. Ana cikin haka sai ga wasiƙar abokina da ke karatun haɗa magunguna a Turai. Bai san Hajiya mahaifiyata na ciwo ba, don mu ba ma fitar da irin wannan zance. Hira kawai yake yi mini: wai suna gwada wata 'yar ƙwaya kamar shinkafa, a dasa ta a jikin ciwon, ta riƙa sakin magani a hankali har ta narke da kanta. Ɓerayen da suka gwada a kansu, ƙarin nasu ya motse.

Na ruga na durƙusa gaban mahaifiyata ina zuba bayani kamar ni na ƙera ƙwayar. Ta ce, "Ba yanka?" Na ce babu. Ta ce, "To mu jira ta abokinka, Allah ya yi muku albarka." Da ƙafata na je na ce wa likita a ɗaga aikin.

Na rubuta wa abokina ya aiko mana. Sai da aka shafe watanni amsa ta zo: "Subhanallahi! Ai ba ta kai kan mutane ba, da sauran shekaru. Ku kai Hajiya asibiti yau." Da muka kai ta, ciwon ya riga ya shiga huhu.

Ta rasu bayan babbar salla. Har ta cika, duk wanda ya zo dubiya sai ta ce masa ɗanta ya aika a kawo mata magani daga Turai.

Na san kwana ne ya ƙare, amma zuciyata ba ta taɓa sakewa ba. Dangi duka suna ganin gwaggona ce ta hana aikin, ita ma haka ta ɗauka. Da wannan nauyin ta koma ga Allah, ni kuwa ban taɓa buɗe baki na ce ni ne ba.