Layi Ukun da Na Goge, Ya Bintu

Ranar Talata, 13 ga watan Mayu na 2025, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Injiniya Bintu Kashim, wadda dukanmu muke kira Ya Bintu, bayan ta sha fama da ciwon ƙoda. Shekarunta arba'in da shida. An yi mata sutura bayan azahar, aka raka ta makwancinta. Nasa muke, kuma wajenSa za a mayar da mu ɗaya bayan ɗaya. Sai dai ni, Ya Bintu, ban taɓa kawo wa raina za ki tafi ki bar ni da magana a baki ba.

Ni ce Saude, 'yar Kanawan nan da kika ɗauka aiki shekara huɗu da suka wuce. Tun da kika rasu mutane ke ta rubutu a kanki, kowa na cewa ke mai haƙuri ce. Ba su yi ƙarya ba, amma da alama babu wanda kika taɓa dawo wa da aikinsa sau biyar a yini ɗaya a cikinsu. Ni an yi mini. Kuma ina da abin faɗa wanda babu mai faɗarsa sai ni.

Ranar da na fara zuwa wajenki, da takardar digirina na zo, da kuma bakina. Ɗakuna biyu ne a saman wani shagon kayan ɗinki a unguwar Lamisula, Maiduguri. Kika saurare ni har na gama yabon kaina, sannan kika miƙo mini wani tsohon allon na'ura, kika ce in sa ƙaramar fitilarsa ta riƙa ƙiftawa. Har la'asar fitila ta ƙi. Ina haɗa jakata cikin kunya kika turo mini sinasir da miya, kika ce in ci, gobe in dawo ƙarfe takwas. Da mahaifina ya ce bai ga dalilin da 'yarsa za ta yini a saman shago tana kallon baƙin allo ba, ke kika tako har zaurenmu, kika zauna a tabarma, kika yi masa bayanin aikin da Hausarki mai gardin Barebari, har ya koma shi ke tambayata kullum ko na'ura ta tashi. Da na haihu kuwa, kwana arba'in kina aiko da kunun gyaɗa, ba ki aiko da tambayar aiki ko sau ɗaya ba.

Mu uku ne a wurin: ke, da ni, da Abdulmutallib mai haɗa wayoyi da ƙarafa. Abin da muke ƙerawa ƙaramar na'ura ce ta ɗaukar hoton cikin masu juna biyu, mai aiki da hasken rana, don ƙananan asibitocin da babu likita. Ungozoma ta ɗauki hoto, ta tura wa likita a cikin gari ta waya, shi kuma ya ce a bar mace ta haihu a nan ko a kawo ta. Aikinki yana can ƙasa inda ba mai gani, a kanel, wato zuciyar manhajar da ke tafiyar da na'ura, mai raba wa kowane sashe lokacinsa da wurinsa.

Ƙwaƙwalwar na'urarmu kaɗan ce, don haka ba ma kwafar hoto daga wuri zuwa wuri. Yanki guda na ƙwaƙwalwar ake warewa, muna ce masa bafa. Kan na'urar da ake ɗorawa bisa cikin mace ya zuba hoto a bafan, allo ya karanta ya nuna, sashen ajiya ya karanta ya adana, sannan a mayar da shi a zuba sabon hoto. Kin ce in ɗauka turmi ne guda ɗaya a gida mai ɗakuna uku: ba a zuba sabon hatsi sai wadda ta yi dakan ƙarshe ta ce ta kwashe nata. Saboda haka kowane sashe sai ya ɗaga alama cewa ya gama, kanel kuma ta jira alamar kowa kafin ta saki bafan.

Kina da wata doka da na daɗe ina yi wa kallon iyayi. Babu gyaran da zai shiga na'ura sai da suna biyu a ƙasansa, na wanda ya rubuta da na wanda ya duba. Ko naki ne sai an duba. Nakan ce da Abdulmutallib mu uku ne kawai a nan amma ana mana mulki kamar ma'aikatar gwamnati. Kin ji ni sau da yawa, murmushi kawai kike yi.

A watan Nuwamban bara ungozomomi suka fara ƙorafin cewa hoto na nawa a allo. Na bincika, na gano jiran alamar sashen ajiya ne ke jawo jinkirin. A ɗakinmu mai fanka biyu, sashen ajiya kullum yana gamawa da wuri, jiran nan kamar ba shi da wani amfani. Na gwada tsallake jiran sau dubu ban ga matsala ba. Sai na goge layi ukun da ke sa a jira shi, hoto ya koma gudu kamar ruwa, na ji daɗin kaina ƙwarai.

Ga abin da ban taɓa faɗa miki ba. Na san idan kika ga gogewar nan ba za ki yarda ba. A makon ne aka fara yi miki wankin ƙoda. Sai na cusa gogewar a tsakiyar wasu ƙananan gyare-gyare ashirin, na sa wa duka taken share-share, na kawo miki gida da yamma, a ranar da kika dawo daga asibiti idanunki duk sun faɗa. Kika duba a wayarki kina kishingiɗe, kika tambaye ni ko akwai abin da ya taɓa bafa. Na ce babu wani abin a zo a gani. Kika sa sunanki. Na'ura goma sha ɗaya suka fita da wannan aiki.

Babu abin da ya faru har sanyi ya wuce. Da azumi ya shigo da zafinsa a watan Maris, sai Rose, ungozomar da ke riƙe da asibitin Zabarmari, ta bugo waya. Ta ce ta duba wata mata ranar awo, ta ga a allo ɗan yana kwance a gicciye, hannunta ma abin da ya ji ke nan. Amma da ta buɗe hoton da na'ura ta adana don ta tura wa likita, sai ta ga kan ɗa a ƙasa lafiya lau. Rabin hoton na matar da ta biyo baya a layi ne. Rose ta gaskata hannunta, ta turo matar gari, aka yi mata aiki, uwa da ɗa suka rayu. Da wata ce mai gaskata na'ura, da an bar baiwar Allah nan ta yi naƙuda a ƙauye.

Ba ki tsaya shawara da kowa ba. Cikin kwana uku kika bi asibitocin nan ɗaya bayan ɗaya, Abdulmutallib na tuƙa ki, ƙafafunki a kumbure ko takalmi ba sa shiga, kika kwaso na'urorin duka. Ƙungiyar da ke tallafa mana ta yi ta kira tana cewa sau ɗaya ne abin ya faru, a bar sauran su ci gaba da aiki. Kika ce sau ɗaya ne aka gani.

A ɗakinmu kuskuren ya ƙi fitowa. Sai kika tambayi Rose irin rufin ɗakin awonsu, ta ce kwano ne, ba silin. Kika sa aka hau da na'ura ɗaya saman bene da tsakar rana, aka kifa mata guntun kwano, kika zauna a inuwar matakala kina jira. Na ce ko gasa ta za mu yi mu yi buɗa-baki da ita. A rana ta biyu hotuna suka fara cakuɗewa. Ashe idan zafi ya yi yawa na'ura kan rage gudunta don kada ta ƙone, sashen ajiya ya koma tafiyar hawainiya, kanel kuma, tun da na hana ta jira, sai ta ƙwace bafan ta ba sabon hoto alhali ba a gama kwashe tsohon ba.

Ina tsaye a bayanki kika buɗe tarihin gyare-gyare. Ga layukan nan uku a goge, ga sunana, ga kwanan wata. Abdulmutallib ya ce wa ya yi wannan aika-aika, sai kika sauke yatsanki ƙasa kaɗan, kika ce, "Sunana ne a nan. Ni na duba, ni na bari ya wuce." Haka kika rubuta wa asibitocin, haka kika faɗa wa ƙungiyar. Ni kuwa da bakina ba ya mutuwa, ranar ko tari ban yi ba. Kin ɗauka kuskure na yi irin na mai koyo, gajiyarki kuma ta hana ki kamawa. Ba ki san da gangan na zaɓi ranar gajiyar taki ba.

Mayar da layi uku aikin minti biyar ne, amma kika ce ba za ki ƙara dogara da abin da mutum ɗaya zai iya gogewa ba. Kika sake gina wurin gaba ɗaya. Kowane bafa ya zama yana da ƙidayar sassan da ke riƙe da shi, ba ya sakuwa sai ƙidayar ta koma sifiri. Kafin a sake amfani da shi sai an share shi tas. Kowane hoto kuma yana tafe da lambar mai shi, idan lamba ta saɓa na'ura ta ƙi adanawa. A kan gado kika yi yawancin aikin nan, tsakanin wanki da wanki, kwamfuta a kan matashi.

Sau uku ina zuwa da niyyar in faɗa miki. Na ƙarshe ranar Lahadi ne, kwana biyu kafin rasuwarki. Muryarki ta yi ƙasa sosai. Kika ce, "Saude, na gama, na tura miki. Ki duba da kyau. Kada ki ji nauyina don ina kwance." Na ce akwai wata magana. Kika juyo kina kallona, kina jira. Babu wanda ya shigo, babu abin da ya katse ni, ba ni da wanda zan ɗora wa laifi. Ni da kaina na karkatar da harshena, na ce maganar sauri ce, hoton zai riƙa jinkiri kamar da. Kika ce, "Bari ya yi. Matar da ta jira wata tara za ta jira daƙiƙa biyu." Maganarmu ta ƙarshe ke nan.

Bayan an share makoki na buɗe aikin. Sunanki na nan a wurin wanda ya rubuta, wurin wanda ya duba kuma fili ne, kin bar mini. Na karanta shi layi-layi har na kusa haddacewa, ina neman aibu ban samu ba. Na hau da na'ura saman bene kwana bakwai a jere, hoto dubu arba'in, babu ɗaya da ya shiga na wani. Duk da haka hannuna ya ƙi rubuta sunana. Na'urori goma sha ɗaya na jere a kan kanta, Rose na bugowa duk ranar awo tana cewa damina ta ƙarato, hanya za ta lalace, matan da ba sa iya zuwa gari da hannu kawai take duba su. Ni kuma ina zaune ina tunanin da wane ido zan sa sunana kusa da naki, bayan abin da na yi da sunan naki.

Sai na fara da faɗar gaskiya. Na faɗa wa Abdulmutallib, ya tashi ya fita, bai dawo ba sai washegari. Na faɗa wa Rose a waya, sai kawai ta tambaye ni yaushe na'urarta za ta dawo. Daga nan na je gidanki na durƙusa gaban maigidanki, Malam Mikail, na zayyana masa komai, har da ƙafafunki da suka kumbura a hanyar kwaso na'urori saboda ni. Da na gama ya ce, "Abin da yake nawa a ciki na yafe miki, 'yata. Nata kuwa ba a hannuna yake ba." Na tambaye shi ko kin taɓa ambatar wani abu a kaina. Ya ce ba ki taɓa ba.

Jiya na sa sunana. Gobe da safe za mu fara mayar da na'urorin, Zabarmari ce farko. Aikinki zai yi ta gudana a inda ba mai gani, matan da za su haihu lafiya saboda shi ba za su taɓa jin sunanki ba, kuma na san hakan ba zai dame ki ba. Ni ce dai ban samu abin da na je nema ranar Lahadin nan ba, kuma babu sauran inda zan same shi a duniyar nan.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Malam Mikail, da 'ya'yanki Imran da Jannat, da mahaifiyarki Hajja, da 'yan'uwa da dangi na Maiduguri da kewaye, da ungozomomin da suka yi kuka a waya da suka ji labari. Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi, Ya raya abin da ta bari, Ya tsaya musu.

Allah Ya jiƙanki, Ya Bintu. Ya sa ciwon da kika sha ya zama kankarar zunubi, Ya yalwata kabarinki, Ya haskaka shi, Ya sa duk jaririn da ya faɗo lafiya ta dalilin aikinki ya zama nauyi a mizaninki, Ya sa Aljannar Firdausi ce makomarki. Ni kuma, ya Allah, ranar da Ka tashe mu Ka tsayar da ni a gabanta, Ka buɗe mini bakin da na rufe, Ka kuma sa ta yafe mini.