Takardun Yabon Dokta Bappayo

Maƙwabcina Dokta Bappayo mutum ne da zai farke cikin majiyyaci ya ɗinke hannunsa bai yi rawa ba, amma ka ce masa, "Likita, hular nan ta karɓe ka," sai ya rasa inda zai sa fuskarsa. Ɗan Chinade ne. Ya bi shanun mahaifinsa har ya yi wayo, kafin wani kawunsa ya jefa shi boko. Ya yi karatun likita a Maiduguri, ya dawo Azare ya kama haya jikin shagon ɗinkina. Shekara tara ina tsokanarsa, bai taɓa ramawa ba. Iyakarsa ya ce, "Kai, Sha'aban, Allah ya shirye ka."

A wani asibitin kuɗi yake aiki. Mai asibitin, Dokta Nnanna, mutumin Kudu ne da ya shekara talatin a garin nan, Hausa a bakinsa har ta fi tawa. A 2007 ya je wani taro ya dawo da sabon tsari: kafin ya sabunta wa kowane likita aikinsa, sai ya kawo fayil. A ciki akwai shaidar duk bitar da ya halarta, da takarda ashirin da majiyyata suka cike da ra'ayinsu a kansa. Wanda fayil ɗinsa bai gamsar ba, ya nemi wani wurin.

Shaidar bita ba ta ba Bappayo wahala ba, matarsa Khaulat ta adana su a ƙasan akwati. Littattafai kuwa ya kwaso ya dinga bita a ƙofar gida kamar ɗan firamare, har na ce masa, "Likita, ashe da duk lalube kake mana?" Takardun ashirin ɗin nan su ne suka tsaya masa a wuya. Sati biyu yana yawo da su a jaka. Bafulatani ya dubi mutum ya ce, "Rubuta yadda ka gan ni"? Ai gara ka ce ya yi rawa a kasuwa.

Na ce, "Kawo nan. Duk unguwar nan wa ba ka taɓa dubawa ba?"

Ya miƙo kamar mai miƙa garwashi.

Na bi gida gida da birona. Aji huɗu na yi, amma ya ishe ni. Na gaya wa kowa gaskiya: in ba a yabi Likita ba, za a kore shi, mu koma bin layi da kati. Jin haka mutane suka tashi tsaye.

Malam Hammawa mai nika ya ce in rubuta Likita ne ya karɓi haihuwar saniyarsa. Wata Babarbariya, Ya Fanna mai turaren wuta, ta ce tunda ya tare unguwar nan ba wanda ya mutu sai waɗanda aka kai asibiti. Hajiya Dijatu, wadda ta fi kowa yarda da allura a ƙasar Katagum, ta ce, "Rubuta: duk sanda na so allura yana yi mini, ko lafiyata ƙalau, ko gwaji babu. Kuma biyu biyu."

Na ce, "Hajiya, yaushe aka yi haka?"

"Kai dai rubuta. Yabo aka ce ko shari'a?"

Na rubuta, na liƙe a ambulan. Likita ya kai bai buɗe ba, don karanta yabon kansa ma kunya yake ji.

Kwana uku sai ga motar Dokta Nnanna a ƙofar shagona bayan la'asar, Bappayo a gefensa ya yi zuru-zuru. Dokta Nnanna ya ce zancen saniya ya yi dariya ya wuce, amma allura ba gwaji ba abin wasa ba ne. In gaskiya ne, ba aiki kaɗai ba, har lasisin Bappayo sai ya tafi. Ya ce a kira masa Hajiya Dijatu.

Ta fito da mayafinta na biki, unguwa ta biyo ta. Na yi ta ƙifta mata ido, ita kuwa ta ɗauka cewa nake ta ƙara.

"Hajiya, yana yi miki allura haka kawai?"

"Sosai ma, ranka ya daɗe! Har jikokina."

Hammawa ya cafe: "Ni ma shaida ne, kullum!"

Bappayo ya zame ya zauna a kan bencina. Ya buɗe baki zai ƙaryata ta, ya tuna sa'ar uwarsa ce, ya rufe.

Dokta Nnanna ya dube su ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce, "To madalla. Tunda haka ne, Hajiya, kin sha allurar da za ta ishe ki. Zan sa a rubuta a katinki, shekara biyar kada kowa ya ƙara yi miki."

Hajiya ta dafe ƙirji.

"Shekara biyar? Wace allurar na sha? Wannan mutumin? Wallahi shekara tara nake roƙonsa, ko tsinke bai taɓa soka mini ba! Kullum a rage gishiri, a rage man shanu, a zo a auna jini. Marowacin allura irinsa ban taɓa gani ba! Ni taimakonsa na yi don Allah, ba don halinsa ba!"

Dokta Nnanna ya juya takardarta, ya zaro biro.

"Sannu, Hajiya, a hankali. Marowacin me kika ce?"

Ta maimaita, ta ƙara da wasu. Sauran ma bakinsu ya buɗe: Hammawa ya ce Likita ya hana shi sayen kafso a kasuwa, Ya Fanna ta ce ya tilasta mata shanye maganin tarin fuka har wata shida. Dokta Nnanna ya cika bayan takarda bakwai da ƙorafi. A kan teburin yankan yadina ya sa wa Bappayo hannu a takardar sabunta aiki, Hajiya Dijatu na tsaye tana ta faɗa.